Don Allah ku taimaka, rinin da nake yi a gida yana zuba in an wanke

Maman Biyu, Jega

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku. Don Allah masu sana'ar rini da duk wanda ya san kan abin ku taimaka man da shawara. Ina rini a gida nan Jega, na koya ne wurin wata maƙwabciyarmu kafin su tashi daga unguwar, ina sayo farin yadi da farar shadda in ƙulla in rina, wani kuma in yi mashi zanen kyandir, mata na saye suna ɗinka doguwar riga ko zani da ɗankwali, har an fara ba ni aikin anko alhamdulillahi.

To matsalata ita ce kalar na zuba. Ba duka ba, ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske ba su cika damuna ba, amma ja da marun da baƙi da shuɗin nan mai duhu kam sai addu'a. Ranar da na gama abin gwanin sha'awa, amma wankin farko ruwan ya rine gaba ɗaya, na biyu ma haka, kan a yi wata biyu kayan sun koɗe. Wata ta maido man da kayanta ranta a ɓace, ta ce yarinyarta ta haɗa wanki da farin hijabinta da farar shaddar maigidanta duk sun yi jaja-jaja, wata kuma ta ce in ta yi zufa wuyanta da hammatarta har da rigar ciki duk sai sun kama launi.

An ce in jiƙa da gishiri na jiƙa, an ce in sa binega na sa, wata ta ce alif, wata ta ce kanwa, duk na gwada abin bai daina ba. Sana'ar nan da ita nake rufa wa kaina da yarana asiri kuma kun san halin gari, in mace ɗaya ta ce kayanki na zuba to gidan biki ɗaya ya isa kowa ya ji. Mi zan sa wanda zai kama rinin ya zauna? Sannan kayan da na riga na rina suna nan ajiye ban sayar ba, akwai yadda zan cece su ko asara ce? Allah ya saka da alheri.

Uwargida Argungu

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu Allah ya kawo mafita. Ni dai abin da muka taso muka iske iyayenmu na yi, sabuwar atamfa ko wani yadi mai zuba a samu ruwan sanyi a baho a zuba gishiri mai yawa kamar gwangwanin madara cike, a jiƙa ya kwana, da safe a ɗauraye a shanya a inuwa a kife. Ƙila gishirin da kike sawa ne bai isa ba, ki ƙara hannu, kuma ki gaya wa masu saye su daina wanki da garin sabulu su yi da na sanda, kar su bari kaya su yini a rana. Nawa atamfofin haka nake masu kuma suna daɗewa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Gusau

Salamu alaikum. Ɗiyata sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Na yi aiki sashen rini a masaƙa tun ina saurayi har aka rufe, don haka wannan magana ta taɓa ni, bari in ɗan tsawaita ki yi haƙuri da ni.

Hajiya ta Argungu ta yi gaskiya kan inuwa da kife kaya, amma maganar gishiri zan saɓa mata da girmamawa. Gishiri yana da aiki a rini, amma aikinsa a cikin ruwan rinin yake lokacin da yadi ke ciki, shi ke tura launi ya bar ruwa ya nufi zaren auduga. Bayan an gama an shanya, ko buhu guda kika zuba ba zai ɗaure launin da bai kama ba. Binega kuma tsami ce, rinin da take taimako shi ne na ulu da siliki da nailan, auduga ba ta cikin wannan layi. Shi ya sa kika gwada duka biyun ba ki ga canji ba.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne wace irin galura ce a hannunki, don ba iri ɗaya ba ce ko da launin ya zo ɗaya, kuma masu sayarwa da yawa ƙulla ta suke a leda ba suna ba komai. A kasuwanninmu iri uku za ki fi haɗuwa da su.

Akwai wadda ake dafawa da ruwan zafi da gishiri kawai, mu a masaƙa dairek muke ce mata. Ita ce mafi arha da sauƙin aiki, kuma ita ce uwar zuba, don manne wa zare kawai take, duk sanda ta ji ruwa da sabulu sai ta saki kaɗan. Wannan ko kin yi komai daidai za ta zuba sai dai in kin bi ta da wani magani da ake kira fiksa, masu sayar da kemikal na rini suna da shi, a jiƙa yadin cikinsa da ruwa mai ɗumi bayan rini. Ko da fiksan ma wankin ruwan sanyi take so. Ni ba zan ba ki shawara ki yi kayan sayarwa da ita ba.

Ta biyu ita ce wadda ake haɗawa da kostik soda da wani farin garin kemikal da ake kira haidro, sunan galurar bat. Ita masu kamfala da adire suka fi aiki da ita, kuma danginta ɗaya da rinin baban da kakanninmu ke yi a karofi. Tun 1901 wani kamfanin Jamus ya fitar da irin na zamani, kuma har gobe tana cikin rinin da ya fi kowane jure wanki da rana in an yi ta daidai. Ita ba ta narkewa a ruwa haka nan, sai soda da haidro sun narkar da ita ta shiga cikin zare, in aka fito da yadin iska ta buge shi sai ta koma yadda take da can, ta maƙale a ciki ba ta iya fita. To wadda ta shiga ciki ta zauna ke nan, wadda ta tsaya a saman zare kuwa ita ce ke bin wuyan mutane da fararen kaya.

Ta uku riyaktif, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 1956. Wannan ruwan ɗumi ko na sanyi ake yi da ita, amma dole sai da soda ash, wani farin gari ne daban da kostik soda, shi ke sa launin ya haɗe da audugar su zama abu guda. In babu soda ash to wanka kawai kika yi wa yadin da ruwan kala. Kuma tana son lokaci, in ƙulli kika yi kika zuba launi, ki naɗe a leda ya kwana da danshinsa kafin ki kwance.

Duk cikin ukun nan akwai abu ɗaya da na lura masu rinin gida na gudu, shi ne wankin ƙarshe. Suna tsoron in suka wanke da ruwan zafi da sabulu launi zai ragu kaya su rasa kyan ido a kasuwa, sai su ɗauraye sau ɗaya su sa sitaci su kai bugu. To wancan launin da kike tsoron ya fita, dama ba na yadin ba ne, ko ke ki fitar da shi a bahonki ko ya fita a bahon mai saye tare da hijabinta. A masaƙa ba a taɓa fitar da yadin bat ko riyaktif ba tare da an dafa shi da sabulu ba.

Ki gaya man da mi kike haɗa galurarki, da irin yadin, da irin ruwan da kike aiki da shi, da kuma ko kina wanke farin yadin kafin rini. Daga nan zan san inda zan taɓa.

Maman Biyu, Jega

Baba na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma da lafiya, wallahi ban taɓa jin wanda ya rarrabe man haka ba. Da soda da haidro nake haɗawa, ina tafasa ruwa in zuba su duka tare in motsa in sa yadin nan take tun da zafinsa. In ina son ja ko baƙi ya fito sosai sai in ninka galurar. Haidron nakan sayo da yawa in ajiye a leda cikin ɗaki don ba kullum ake samu nan ba sai an yi saƙo Kano ko Sakkwato. Farin yadin kuwa ina tsoma shi a ruwa ne kawai in matse, ban wanke shi da sabulu tunda sabo ne. Ruwan rijiyar gidanmu nake amfani da shi, yana da ɗan zartsi, sabulu bai cika kumfa da shi ba. Bayan na fitar ina kwance ƙullin in ɗauraye da ruwan sanyi in shanya.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Gusau

To madalla, bat ce ke nan, kuma ki kwantar da hankalinki galurarki mai kyau ce, hanyar ce za a gyara.

Fara da farin yadin. Sabon yadi daga kamfani yana zuwa da sitaci da maiƙo da wasu magungunan da ke sa shi sheƙi, shadda ma ta fi, to launi sai ya zauna a kan wannan ɓawon, ranar da ɓawon ya wanke ya tafi da launin. Ki wanke shi da ruwan zafi sosai da sabulu da ɗan soda ash, ki ɗauraye tas. Gwajinsa mai sauƙi ne, in ya bushe ki ɗiga ruwa a kai, in ya shanye nan take to ya shirya, in ɗigon ya tsaya yana yawo a sama ki sake wankewa.

Sai haidro, kuma ina zargin rabin matsalarki nan take. Haidro ba ya son iska ba ya son danshi, wanda aka ajiye a leda yana buɗewa ana rufewa musamman da damina ƙarfinsa mutuwa yake, in kin ga ya dunƙule ya yi tauri to ya tafi. Ki riƙa sayen daidai buƙata, ki zuba a roba mai murfi mai kamawa, wuri busasshe nesa da ruwa, don in ruwa kaɗan ya taɓa shi a ajiye yana iya yin zafi har ya kama wuta. Tafasasshen ruwa ma kashe shi yake da sauri. Ruwan ya yi zafi amma ba tafasa ba, kamar digiri 50 zuwa 60, wato wanda tururi ke tashi amma bai fara ɓararraka ba. Ki dama galurar daban da ɗan ruwa ta zama kamar kunu ba gudaji, ki narkar da soda daban, sannan a haɗa, haidro ya zo ƙarshe, ki motsa a hankali kar ki kaɗa iska ta shiga, ki rufe ki ba shi kamar minti 10 zuwa 15. Alamar ya nuna ita ce launin ruwan zai juya ya bar asalin launin garin, kuma ba za ki ga tsaki-tsakin gari na yawo ba. In bai juya ba kar ki sa yadi.

Yadin ya nutse gaba ɗaya, kina juya shi a ƙarƙashin ruwa, kar wani gefe ya leƙo sama. In kin fitar kar ki yi gaggawar kai shi ruwa, ki matse ki baza a inuwa iska ta shige shi ko'ina har launin gaskiya ya gama fitowa, cikin ƙulli da ninki ya fi daɗewa, ki ba shi kamar rabin awa.

Maganar ninka galura kuma ki bar ta. Zaren auduga kamar tulu ne, in ya cika duk abin da aka ƙara zuba yake. In duhu kike so ki tsoma sau biyu ko uku a ruwa mai matsakaicin ƙarfi, kina shan iska tsakani, ya fi tsomi ɗaya a ruwa mai kauri nesa ba kusa ba, kuma galurarki za ta fi auki.

Wankin ƙarshe ga yadda yake: ɗauraya da ruwan sanyi har santsin soda ya fita daga hannu, sannan ɗauraya ɗaya da ɗan binega don ta kashe sauran sodar, nan ne kawai binega ke da amfani a aikinki. Sannan ki ɗora ruwa da sabulu ya yi zafi kusa da tafasa ki sa yadin kamar minti 10 zuwa 15 kina juyawa, ki fitar ki ɗauraye har ruwa ya fito fari. Za ki ga launi ya fita da yawa kar gabanki ya faɗi, in ya bushe sai kin ga ya ma fi haske da tsabta. Na kyandir dama sai an sa shi ruwan zafi don cire kakin, to ki canza ruwa ki bi shi da na sabulun.

Ruwan rijiya mai zartsi kuwa yana hana sabulu aiki kuma yana dusashe launi. Da damina ki tari ruwan sama a duro, babu kamarsa a rini. Da rani ki nemi ruwan da sabulu ke kumfa da shi ko da na haɗin galura da wankin sabulun ne kawai.

Ɗan marina, Gummi

Salamu alaikum jama'a. Baba na Gusau Allah shi biya ka, dud abin da kac ce haka shi ke. Ni gidan rini anka haihe ni, kakana rinin baba shi ka yi cikin rami, da toka da shuni, ruwan sai ya kwana da kwanaki kamin shi nuna, kuma ba su da haidro ba su da ma'aunin zahi, da ido da hanci su ka gane ruwa ya yi, in kumfa mai ruwan jan ƙarhe ta taso sama kuma ruwan ƙasa ya yi kore-kore. Amma dokar ɗaya ta da wadda kac ce, a tsoma a hidda a sha iska, a tsoma a hidda a sha iska, zane shi hito kore shi koma shuɗi gaban idonka. Baƙin nan da ku ka gani na rigunan dattawa ba tsomi guda na ba, maimaici na har shi kai.

Abin da ni ka son ƙarawa, mutane su bambanta zuba cikin ruwa da goguwa bisa jiki. Turkuɗi da rawanin nan na Buzaye da ka shuna masu goshi da kumatu, da gangan anka yi shi haka, bayan rini ana buga mai garin shuni bisa don shi yi walƙiya, kuma masu shi haka su ka so, in bai shuna ba ma ba su saye. To wanga daban. Amma zanen mace na yau da kullum da za ta goya ɗiya da shi ta yi zuhwa ciki, bai kamata shi shuna ba, kuma in yana shunawa to ruwan ya yi kauri ko wanki bai isa ba. Mu da can bakin gulbi a ka kai kaya a wanke a buga bisa dutse har ruwa shi bar launi.

Wadda tac ce maki alif ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba wurinshi na ba. Alif na rinin itatuwa na, awa rawaya ko karan dahi ko ɓawon albasa, kuma kamin rini a ka sa shi ba baya ba. Ga auduga ma sai an hwara jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, wagga da majema ka jima da ita, sannan alif, sannan launi shi samu wurin kamawa. Bagaruwa in ta gamu da ruwan tsatsar ƙarhe baƙi ta ka ba da. Rinin baba kuwa bai buƙatar alif ko kaɗan, haka galurar soda da haidro. Kanwa kuma ƙarhinta ba ɗaya ba, wata ta yi wata ba ta yi ba, kar ki dogara da ita wurin kayan mutane.

Tela, Kaura Namoda

Ni ba marini ba ne amma kayan rini na wucewa ta hannuna kullum, kuma in suka zuba tela ake fara zagi kafin a tuna da mai rini, don haka bari in sa baki. Hajiya ki duba yadin da kike saye da kyau. Yanzu kasuwa cike take da farar shadda da yadi masu haɗin roba, a ido da hannu sai ki rantse auduga ce. Galurar auduga ba ta kama roba ko za ki kwana kina dafawa, roba nata rinin daban ne mai son zafin da ya wuce tafasar ruwa, na inji ne ba na tukunyar gida ba. In yadi rabi auduga rabi roba ne to rabin launin kawai zai zauna, sauran ya bi ruwa, kuma kayan su fito fari-fari.

Kafin ki sayi bandir ki roƙi ɗan ƙyalle ko ki zare zare daga baki ki sa ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi da za ki murje ta watse. Roba kuwa tana naɗewa tana narkewa da baƙin hayaƙi ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Mai haɗi zai ba ki duka biyun. A zare ta tsawo da ta faɗi duka, don wani yadin ɗaya auduga ce ɗaya roba.

Sannan ga gwajin da nake yi a shago kafin in haɗa yadin rini da farin aiki ko farin shafi: in jiƙa farin ƙyalle in ɗora a kan yadin in danna dutsen guga mai zafi, in ƙyallen ya ɗauki launi to da saura. Wani busasshen farin ƙyallen kuma in goga da ƙarfi, shi ke nuna wanda zai shafi jiki. Ki riƙa yin biyun nan kan kowane yadi kafin sitaci da bugu, don sitaci ɓoye matsalar yake zuwa wankin farko. Kuma ki riƙa gaya wa mai saye da bakinki, wankin farko da na biyu shi kaɗai, kar a jiƙa ya kwana, kar a sa bilic, kar a bar shi jiƙe a dunƙule kan wasu kaya.

Uwargida Argungu

To Baba ban ƙi taka ba kun fi mu sani, amma ni fa na ga amfanin gishirin nan da idona, atamfar da na jiƙa ta kwana washegari in na wanke ba ta zuba kamar wadda ban jiƙa ba. Ko ya abin yake?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Gusau

Hajiya abin da kika gani gaskiya ne. Kwanan da ta yi cikin ruwa shi ya fitar da rarar launin da ke sama, kika zubar da shi da safe, shi ya sa wankin da ya biyo baya ya yi sauƙi. Ki gwada raba yadi ɗaya biyu, rabi a ruwan gishiri rabi a ruwa zalla, ki wanke su washegari ki gani. Ruwa mai gishiri yana ɗan rage saurin fitar launi lokacin da kayan ke cikinsa, amma da an koma ruwan sabulu shi ke nan. Atamfa mai kyau kuma dama an gama kama launinta tun a kamfani.

Ɗiyata ta Jega na manta ban amsa maki maganar kayan da ke ajiye ba. Ba asara ba ce in sha Allah, tunda bat ce. Ki ware su launi-launi, ja daban baƙi daban, ki yi masu wankin sabulun nan na ruwan zafi da na faɗa, ki canza ruwa ki maimaita har ya fito fari, sannan gwajin guga na malam tela. Wanda ya tsaya da kyansa ki sa sitaci ki sayar da kwanciyar hankali. Wanda ya koɗe sosai ki sake rina shi da sabon haidro, ki kai shi launi mai duhu. Fiksa kar ki ɓata kuɗinki a kansa, ba na irin galurarki ba ne.

Farin hijabi da shaddar da suka ɓaci kuma, in ba a goge su ba akwai fata. A fara da ruwan zafi da sabulu sau biyu ko uku, sau da yawa rarar bat a sama kawai take zama tana fita. In ta ƙi, farar auduga zalla ana iya sa ta a ruwan zafi da ɗan haidro da soda ash a juya a fitar a ɗauraye nan take da ruwa mai yawa, amma ki fara gwadawa a gefen da ba a gani, kuma in akwai aikin zare mai launi a wuyan rigar kar ki sa, zai ci shi. A fili za ki yi don warin haidro na shaƙe ƙirji, kuma kar ki taɓa haɗa shi da bilic ko ki zuba binega a cikinsa.

Sai abin da ya fi launi muhimmanci a wurina, tunda kin ce da yara a gidan. Kostik soda narkakkiya ba ta da launi, yaro na ganinta a gorar ruwa ko kofi sai ya ɗauka ruwa ne, kuma tana ƙona maƙogwaro ƙonewar da ke bin mutum har girma. Kar ki taɓa zuba ta a robar lemo ko ta ruwan sha, ki kulle ta inda hannu ba ya kai. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa ake zubawa kan soda ba, don tana tafasa ta fantsamo. Tukunyar alminiyam kar ta kusance ta, cinye ta take, ki yi da roba mai kauri ko baho mai fenti. Safar hannu ta roba doguwa, ki rufe hanci lokacin awon gari, in ta fantsama a ido ko fata a yi ta kwarara ruwa ba ƙaƙƙautawa a nufi asibiti. Ruwan da kika gama da shi ki haƙa masa rami nesa da rijiya da inda awaki da kaji ke sha.

Maman Biyu, Jega

Allah ya saka maku da alheri baki ɗaya, Baba Allah ya jiƙan mahaifa. Na duba haidron nawa ya dunƙule kamar yadda ka ce, zan yi saƙon sabo, gobe kuma zan fara da wankin jajayen. Tambaya ɗaya ta rage, ina da aikin anko da za a karɓa cikin hunturu, sanyin na shafar wannan galurar ko sai riyaktif ɗin kawai?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Gusau

Riyaktif ta fi jin sanyi don ita ɗumi take so ta kama, kuma iskar hunturu na busar da yadi kafin ta gama aiki, shi ya sa ake naɗe ta a leda a ajiye wuri mai ɗumi. Taki matsalarta ɗaya, ruwan bahon na saurin hucewa kuma iska na kashe haidron da ke sama. Ki bari sai hantsi ya ɗaga, ki samu lungun da iska ba ta bugawa, ki rufe bahon tsakanin tsomi, kuma ki haɗa ruwa daidai wanda za ki gama da shi a zama ɗaya. Tunda anko ne ki auna galura da soda da haidro da ruwa da mazubi ɗaya ki rubuta a takarda, kowane baho yadi adadi ɗaya da minti ɗaya, in ba haka ba na wata zai fi na wata duhu su zo suna maki ƙorafi ranar biki.